Hujin da Apa Ta Toshe

Asabar, 20 ga Mayu

Mun sayi motar. Wato Kubat ya saya, ni rakiyar miji kawai na yi, da cikina wata biyar ina ta haki a zafin birnin Bishkek.

Turawa ne suka sayar mana, mata da miji 'yan Holan. Tun daga ƙasarsu suka tuƙo ta, yanzu sun gaji za su koma a jirgi. Asalinta motar ɗaukar kaya ce, mijin ya mayar da bayanta ɗaki da hannunsa: gado mai tudu, kabad, murhun gas mai kai biyu, har da wurin wanke-wanke. Kubat sai shafa bangon yake kamar an haifa masa maraƙi. Ya ce min, "Cinara, bana in mun hau dutse da akwatunan zuma, ba mu ba tanti." Na ji daɗi. Ban manta bara ba, ruwa yana ɗiga a kan 'yarmu Sezim tana tari har muryarta ta dushe.

Yana can ya tusa kai cikin inji, sai matar ta ja hannuna. Ta durƙusa ta buɗe wani ɗan kabad a ƙasan murhu. Ƙofarsa da roba a gefe-gefe kamar ta firji, a ciki 'yar tukunyar gas shuɗiya. Ta matsar da tukunyar ta nuna min huji a daben motar, faɗinsa kamar bakin kofi, da raga a kai, ana hango ƙasa ta ciki. Ta ce da guntun Rashancinta, "Buɗe. Kullum buɗe." Ta maimaita tana kallon idona. Ta kuma nuna min wani ɗan akwati a gindin bango mai ƙwayar haske kore. Na gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa baƙo. Ƙafafuna ciwo suke, zama kawai nake so in yi.

Lahadi, 21 ga Mayu

Mun iso Narin. Duk layinmu ya fito kallo.

Apa, wato Inna da harshenmu, mahaifiyar Kubat, ta zagaya motar hannu a baya kamar mai tayin doki. Ta cire takalmi ta shiga, ta taka daben ta ce, "Wannan ai sanyin asibiti ne." Sai ta hau auna shi da taƙi. Na san me take aunawa. Duk hunturun nan shirdak take ɗinki, shimfiɗar ulu mai kauri, ja da kore da zanen ƙahon rago, har yatsunta suka fashe. Ta ce daidai zai shiga, kamar don motar ta yi shi.

Ta kuma ce ɗakin da baƙi suka kwana, Allah kaɗai ya san me suka bari a ciki, dole a turara shi da hayaƙin arca, itacen nan mai ƙamshi. Kubat ya ce bari ya sayo a kasuwa. Ta harare shi. "Arcar kasuwa? Wadda kowa ya taɓa? Ta dutse nake so, sabon yanka." To, sai mun hau.

Alhamis, 25 ga Mayu

'Yar tukunyar Turawa ta ƙare, kuma duk Narin ba wanda zai iya cika ta, wai bakinta daban ne da namu.

Sai ga Yaya Mai Walda, ɗan wan baban Kubat. Haka nake ce masa. Sunayen manyan gidan miji ba na bakin kelin ba ne, wato matar ɗa, ba ta da wannan hurumin. Shekarata bakwai a gidan nan, ko a cikin littafin nan ban taɓa rubuta sunan ɗayansu ba. Ya zo da jar tukunya irin tamu, doguwa. Ta ƙi shiga kabad ɗin. Ba wani tunani, ya kwance ƙofar mai roba ya jefa bayan gida, ya datse katakon sama da zarto. Ya yanke bututun Turawan, ya cusa baƙin tiyo a kai, ya ɗaure da waya ya murɗe da filaya.

"Turawa da tsoro! Ƙofa a kan ƙofa, sai ka ce zaki suka ɗaure." Kubat yana ta dariya.

Da ya gama sai ya ƙyasta ashana ya bi tiyon da ita daga sama har ƙasa. Na ja Sezim baya ban san na yi ba. Ya gan ni. "Kin gani, kelin? Ko tari bai yi ba. Je ki haɗa mana shayi."

Na haɗa. Wutar ta kama shar da ita. Wataƙila ni ce mai tsoron.

Asabar, 10 ga Yuni

Mun hau. Filin bara, sama da At-Bashi, kusa da rafi. Furen bai buɗe ba tukuna, amma zuman sun fara zagaye. Ƙanƙara na nan fari fat a kan tsaunuka, iskar kuwa kamar wuƙa.

Rabon makwanci: Apa a gado mai tudu saboda gwiwoyinta, Kubat a kujerun gaba, ni da Sezim a ƙasa kan shirdak. Gaskiya ya yi kyau a ciki. Sezim tana bin ƙahon ragon da yatsa tana ƙirga su, kullum sai ta ɓace ta sake daga farko.

Lahadi, 11 ga Yuni

Apa ta gano hujin. Ta ce tun asuba take jin iska tana shigowa ta wani wuri tana dukan bayan jikarta. Ta yi ta lalube da bayan hannu har ta kai gindin tukunyar. Ta yanko ulu ta nannaɗe ta cusa a ciki tam, ta sa Kubat ya ɗaga tukunyar, ta ja bakin shirdak ya rufe wurin. Tagar rufi ma ta toshe da tsohon mayafi.

Na ce, a hankali, idona a ƙasa, "Apa, Baturiyar ta ce wannan a bar shi buɗe."

"Baturiyar ta taɓa kwana a At-Bashi?"

Shi ke nan. Kuma ba ƙarya, ɗakin ya yi ɗumi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Talata, 13 ga Yuni

Da sassafe ɗan akwatin nan ya fasa ihu. Ƙwayar koren ta koma ja. Sezim ta tashi a firgice ta ƙanƙame ni. Kubat ya buɗe ƙofa zai duba ko ɓarayin zuma ne, iska ta shigo, can sai abin ya yi shiru da kansa.

Kubat ya ce sanyi ne ya ruɗa shi, kayan Turai ba su san dutse ba.

Laraba, 14 ga Yuni

Ya sake. Apa ta ce wannan kukan zai razana abin da ke cikina a haife shi da firgita. Kubat ya ɗauko filaya ya datse masa waya. Na tsaya ina kallon ƙwayar har ta mutu.

Shiru ya yi daɗi. Ban yarda da daɗin ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Wari.

Juma'a, 16 ga Yuni

Kamar kabeji ya ruɓe a ƙasan buhu. Abin mamaki, in ina tsaye ba na jin komai. Sai na kwanta, kumatuna a kan shirdak, sannan yake shigo min hanci. Da rana ƙofa a buɗe take, ba ya nan. Da safe ya fi ƙarfi.

Na faɗa wa Kubat. Ya tsaya tsakiyar motar ya shaƙa, ya shaƙa, ya ce, "Hancin masu ciki! Lokacin Sezim ma kin ce rigata warin kifi take." To shi da yake wuni cikin hayaƙin korar zuma, wane hanci ne ya rage masa? Apa kuwa tun da korona ta kwantar da ita ba ta sake jin warin komai ba, madara sai ta ƙone a gabanta tana zaune. Amma da amsarta a shirye: warin Turawa ne, ƙila da kare suke kwana, arca za ta kore shi.

Ƙudaje sun taru a inda tiyon ya haɗu da bututun. Ba a kan sukari ba, ba a kan nama ba. Can. Na kore su, sun dawo.

Asabar, 17 ga Yuni

Sezim ta tashi tana riƙe da kai. "Mama, kaina yana bugawa." Ta yi amai a kan bargo. Na fito da ita waje ta kwanta a cinyata, kafin hantsi ta warware har tana bin malam-buɗe-littafi. Ni ma kaina nauyi, amma ni an riga an san dalilina.

Apa ta ce ga shi nan, abin da take faɗa tun a Narin. Mun kwana a ɗakin da ba a turara ba, yanzu ya fara taɓa yarinya. Ta aika wa makiyayin da ke tsallaken rafi da kwalbar zuma, ya yi alkawarin yanko mata arca daga kwazazzabo in ya kai dawakinsa can.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ina wanke kwanoni, kumfar sabulu ta zubo daga hannuna ta sauka a kan tiyon, daidai wurin wayar. Na sunkuya zan goge. Sai na ga kumfar tana kumbura. Ƙwai ɗaya ya taso ya fashe, wani ya biyo shi, wani ya biyo. A hankali, ba sauti. Kamar abu mai numfashi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Abin da ya faɗo min a rai shi ne gidan maƙwabtanmu a Tokmok ina ƙarama. Sun ajiye tukunyar gas a ɗakin ƙasa inda ake adana dankali. Matar gidan ta sauka da kyandir za ta ɗauko kwalbar tumatir. Mu muna makaranta muka ji ƙarar. Na tuna babana yana cewa a wurin zaman makoki, "Shi gas ba tashi yake kamar hayaƙi ba. Kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, yana jira." Ashe hujin Baturiya magudana ce. Mu kuma mun toshe magudanar, mun shimfiɗa 'yarmu a cikin kwatamin.

Na kirawo Kubat daga wurin akwatuna. Ya zo da hular raga a kansa yana tsaki. Ya ga kumfar. Sai ya ɗauko filaya ya ƙara murɗe wayar, murɗa biyu masu kyau. Na sake zuba kumfa, ba ta taso ba. "To, hankalinki ya kwanta? In mun sauka gari na sa a canja."

Wayar ta nutse cikin robar har ba a ganinta. Ban so yadda ta nutse ba.

Da Apa ta fita alwala, na ɗaga bakin shirdak na zare ulun na ɓoye a aljihuna. Sai ka ce sata na yi.

Litinin, 19 ga Yuni

Sabon ulu a hujin. Ya fi na jiya kauri, an daddanna shi da gindin cokali. Ba ta ce min komai ba, ban ce mata komai ba. Na zuba mata shayi rabin kofi yadda take so, ta karɓa da hannu biyu. Haka muke faɗanmu a gidan nan.

Ina rufe kan tukunyar duk lokacin da na gama girki. Apa tana buɗewa ta ɗora shayi sau nawa a yini, ta kashe murhu ta bar kan a buɗe. "Ƙulle-ƙullen me? Yatsuna ba sa iya murɗa wannan abin kullum."

Warin ya dawo.

Talata, 20 ga Yuni

Arca ta iso, ɗauri guda, kore shar. Apa ta baza ta a kan bonet ta sha rana. Fuskarta har haske take. Ta ce jibi Alhamis, ranar da ta dace.

Na san yadda take yi, na gani ba sau ɗaya ba. Takan zuba garwashi a tsohon kasko, ta ɗora rassan har su kama, ta shiga ɗaki a sunkuye. Ba sama take bi ba. Ƙasa take bi, lungu-lungu, ƙarƙashin gado, bayan kabad, don a can mugun abu yake laɓewa. Sannan ta zagaya kan yarinya da kaskon tana addu'a.

Wuta ke nan, a hannunta, daidai inda abin yake kwance.

Na tare Kubat a bayan akwatuna. Na ce ya gaya wa Apa kada ta shiga da garwashi. Furen ya buɗe jiya, duk filin ya koma ruwan hoda, shi kuwa hankalinsa ya tafi can. Ya ce, "Ni zan ce wa uwata kada ta turara wa jikarta? Ke kin san me kike faɗa kuwa? Na ɗaure tiyon a gabanki." Na ce tukunyar ta yi sauƙi, bai kamata ta yi sauƙi haka da wuri ba. Ya ce to, to, zai yi mata magana.

Ba zai yi ba. Na san "to" ɗinsa guda biyu.

Laraba, 21 ga Yuni

Na gwada da kaina. Wallahi na gwada.

Ina zuba mata shayi na ce, "Apa, da za a yi turaren a waje, a zagaya motar ta baya. Gas yana yoyo, wuta a ciki haɗari ce."

Ta ajiye kofin. "Kullum ba wuta muke kunnawa a ciki ba? Wa ya ƙone?"

Na ce murhu a sama yake, kuma ƙofa a buɗe muke girki, shi kuwa gas a ƙasa yake taruwa.

"Kelin, na turara ɗakin da aka haifi mijinki. Na turara shimfiɗar da kika kwanta daren da aka kawo ki. Yau ke za ki koya min inda hayaƙi zai bi?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Apa." Ni ce ma na ba da haƙuri! Tir da wannan bakin nawa.

Ta ce bayan la'asar za ta yi. To. Gobe tun da safe zan rufe tukunyar, in sa Kubat ya fitar da ita waje gaba ɗaya, in zare ulun, in wangale ƙofofi har la'asar. In ta shiga, ba abin da za ta tarar. Ba sai na yi wa kowa rashin kunya ba.

Sezim ta ƙi cin abinci. Ƙasan idonta ya yi duhu.

Alhamis, 22 ga Yuni

Tana numfashi. Muna asibitin gari. Sauran sai gobe.

Juma'a, 23 ga Yuni

Tana barci, an sa mata ruwa. Likita ta ce gobe za mu tafi. Ta duba cikina ma, yana motsi. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Da safe na rufe kan tukunyar, na zare ulun, na buɗe ƙofa. Na ce Kubat ya zo ya kwance tiyon ya fitar da ita. Daidai lokacin wani taron zuma ya tsere daga akwati ya yi hanyar gangare, ya ɗauki buhu ya bi su da gudu yana cewa, "In na dawo!" Sezim ta sake yin amai, jikinta da ɗumi, ta koma ta kwanta a kan shirdak. Na kwashi bargunan na tafi rafi wanki. Na bar ƙofar a buɗe, na ma sa dutse na tokare ta. La'asar da sauran nisa, haka na gaya wa kaina.

Wankin ya ɗauke ni lokaci, ruwan ƙanƙara ne, ga ciki. Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi. Apa ta buɗe tukunya ta ɗora shayi, ta bar kan yadda ta saba. Ta ga yarinya tana rawar sanyi, ta mayar da ulu a hujin, ta lulluɓe ta, ta fito ta ja ƙofa ta rufe. Wayar nan kuwa ta riga ta yanka tiyon har ya tsage. Apa ta zauna a waje tana kaɗi. Can ta ji Sezim tana nishi ta cikin bango, sai ta ce ba za ta jira la'asar ba.

Na taso daga rafi da bokitin ruwa a hannu. Da na hau tudun sai na hango ƙofar a rufe. Na hango Apa ta baro murhun waje da kasko a hannu, hayaƙi fari yana bin kafaɗarta, tana tafiya a hankali wajen motar.

Na yi ƙoƙarin gudu. Wane gudu da wannan cikin, a kan hawa? Na ƙwala, "Apa!" Ba ta waiwayo ba. "Apa, tsaya! Apa!" Ta ji ni sarai. Na ga yadda ta ƙara miƙe wuya, irin na ba kelin ce za ta tsayar da ni ba. Saura taku kaɗan. Ta miƙa hannun hagu wajen marfin ƙofar.

Ban yi shawara da kaina ba. Daga ƙasan cikina ya fito, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"TOKTOBUBU!"

Sunanta na yanka ke nan. Ga shi na rubuta.

Ta tsaya cak, hannunta a iska. Ta juyo a hankali, ba wajena ba, sama ta fara kallo, wajen tsaunuka. Fuskarta ta yi fari. Kafin ta dawo hayyacinta na iso, na sheƙa mata bokitin gaba ɗaya, ita da kaskon. Garwashin ya yi cuu ya mutu. Ruwan ƙanƙara, a kan tsohuwa, uwar mijina, ɗankwalinta ya manne mata a fuska.

Na ture ta gefe, eh, turewa, na ja ƙofar. Warin ya zubo min a ƙafafu har sai da na yi tari. Sezim tana kwance yadda na bar ta, amma bakinta a buɗe, jikinta laƙwas kamar rigar da aka jiƙa. Na jawo ta da ƙafa, na rungumo ta na kai ta can cikin ciyawa. Ina jijjiga ta ina kiran sunanta. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta ja wani dogon numfashi, ta yi amai a wuyana, ta fara kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba.

Kubat ya ji ihun tun daga gangare. Ya iso ya ga uwarsa jiƙe sharkaf, ya juyo kaina ido jajir. "Ke! Me na ji kin kira?" Ban ba shi haƙuri ba. Na ce, "Je ka durƙusa a bakin ƙofar can ka sa hancinka a ƙasa. A ƙasa, inda 'yarka take kwana." Ya je. Ya durƙusa. Ya daɗe a haka bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya kalli kaskon da ke yashe kusa da taya, ya kalli ƙofar, ya zauna a cikin laka.

Makiyayin ne ya sauko da mu a motarsa. Apa tana zaune a jiƙe duk hanya. Haƙoranta suna ta haɗuwa.

Litinin, 26 ga Yuni

Mun koma sama. A tanti muke, tsohon na bara. Kubat ya kai motar Narin wurin masu aikin gas, kuma ya ce zai tono ƙofar kabad ɗin daga bayan gida.

Apa tana mura. Ba ta yi min magana, ba ta kallona. In na miƙa shayi takan karɓa da hannu ɗaya.

Alhamis, 29 ga Yuni

Sallah ta wuce mana a tanti. Labari ya riga ya kai Narin, ba na gas ba, na suna. Yaya Mai Walda ya aiko Kubat da saƙo: wai tiyonsa lafiyarsa ƙalau, wani ne ya taɓa, kuma kelin da ta kira sunan uwar miji a bainar dutse sai ta durƙusa gaban dangi ta sa mata sabon mayafi a kafaɗa. Kubat ya isar da saƙon yana kallon takalminsa.

Na ce mayafi zan saya mata, don na jiƙa nata. Durƙuson kuma Yaya ya fara zuwa ya yi a bakin ƙofar motar, kamar yadda ƙaninsa ya yi.

Kubat bai ce to ba ko ɗaya.

Litinin, 3 ga Yuli

Motar ta dawo. Ƙaramar tukunya, sabon tiyo da maɗaurin ƙarfe, ƙofar mai roba a wurinta, ƙwayar koren tana haske. Na zuba kumfa a kowace mahaɗa, na tsuguna ina kallo har gwiwoyina suka yi sanyi. Ba ta taso ba.

Duk da haka na kasa kwantar da Sezim a ƙasa. Wani lokaci ina jin warin ko a tsakiyar fili. Na san babu shi. Ina jin sa.

Alhamis, 6 ga Yuli

Da hantsi na shiga ɗauko gishiri na tarar da Apa zaune a daben motar, shirdak a cinyarta, almakashi a gefe. Ta yanke masa kusurwa guda, daidai inda yake hawa kan hujin, ta ratsa ta tsakiyar ƙahon rago ɗaya. Aikin hunturu guda. Tana bin bakin yankan da jan zare, ɗinki ƙanana-ƙanana, don kada ya zare.

Na juya zan fita, sai ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Tun da tsohon, baban mijinki, ya rasu ba wanda ya kira ni da shi. 'Ya'ya Apa, jikoki Apa, maƙwabta Apa. Duk masu kirana da sunan nan suna ƙarƙashin ƙasa." Ta ja zaren ta cije shi. "Da na ji shi ranar nan, na ɗauka uwata ce. Na ce ashe lokaci ya yi, sun zo tafiya da ni. Shi ya sa na tsaya. Da na san ke ce, da na buɗe ƙofar."

Ta faɗe shi kamar tana faɗin farashin gishiri. Ni kuwa na zauna a matakalar.

Can ta ce, "Zaren nan ya ƙi shiga, idona ya mutu. Zura min." Na zura mata. Ta ce da yamma za ta turara motar, ta waje, ta zagaya ta sau uku, in ina ganin ba laifi. In ina ganin! Na ce ba laifi, amma sai na rufe tukunya tukuna. Ta ce to. Guda ɗaya.

Ba wani abu ne ya canja ba. Gobe ma ni zan tashi in haɗa shayi, in zuba rabin kofi, in ce Apa. Sai dai ɗazu a rafi, ba kowa, na tsinci kaina ina faɗin sunan a hankali, don in ji ko muryar nan tana nan. Tana nan.

Sezim da Apa a gado yau, ni a ƙasa kusa da hujin. Iska tana shigowa tana dukan bayana. Na ƙara bargo.